Rijiyar da Baƙon Dala Yake Kewayewa

Shafi na 17

Ranar Talata, 15 ga Yuli, 2025, cikin goman tsakiya na watan Muharram, tutocin wasan Ganuwa da ke unguwar Sheshe guda ashirin da uku ne. Ashirin da biyu suna hannun mutum ɗaya, wanda ba a san shi da wani suna ba sai Baƙon Dala. Ɗayar da ta rage ita ce ta Rijiyar Barebari, tsohuwar rijiyar da ke ƙofar gidan Malam Ɗanbaba.

Saboda waɗanda suka shigo mana a wannan shafin, Ganuwa wasa ne na waya da ba a yin sa a zaune. Sai mutum ya taka da ƙafarsa ya isa gindin abin tarihi, ƙofa ce ko rijiya ko tsohon masallaci, sannan wayarsa ta ba shi damar kafa tuta. Wanda ya yi wa wayarsa dabara ta nuna yana kan Goron Dutse alhali yana kwance a ɗakinsa, korarsa ake yi, kuma doka ta hana shi dawowa da wani suna. 'Yan wasa suna kiran wannan dabara fiffike.

Da fiffike aka kori Muttaka, mai wankin hula a Shahuci. Sunansa ya zaga wayoyin unguwa har ya kai kunnen surukinsa, Malam Ɗanbaba, wanda ya kira shi ya karɓi alkawarinsa cewa ba zai sake taɓa wasan ba, da sunansa ko da sunan wani. Matarsa Safiya tana gidan mahaifinta tana wankan jego na haihuwar fari. Ranar Juma'a za ta yi arba'in ta koma ɗakinta.

A wannan Talatar Malam ya sallami ɗalibansa da wuri bayan la'asar. Mutum uku suka rage a zaure. Malam yana kan buzunsa. Daga damansa akwai Mikail, alƙalin wasan na cikin gari, wanda a wannan zauren ya sauke Alƙur'ani. Muttaka kuwa can bakin ƙofa ya rakuɓe a kan dandaryar ƙasa, kansa a sunkuye, takalmansa a gefensa.

Malam ya ce, "Mikailu, wata magana ta iso ni, kuma an ce daga bakinka ta fito. Faɗe ta a gabansa."

"Allah gafarta Malam, ni ba na so a ce..."

"Da ba ka so, da ba ta fita ba. Faɗi."

Mikail ya matso da gwiwoyinsa, ya miƙa wayarsa da hannu biyu. Malam ya sa tabarau.

"Wannan taswirar Sheshe ce, Malam. Jan zaren nan sawun Baƙon Dala ne. Mu alƙalai muna ganin hanyar da kowane ɗan wasa ya bi."

"Kuna bin sawun mutane ke nan."

"Na wasa kawai, Malam."

"To. Ci gaba."

"An buɗe asusun wasansa mako guda bayan an rufe na Muttaka. Sabon ɗan wasa yakan yi wata yana dawurwura, bai san inda tutoci suke ba. Wannan kuwa tun ranar farko ya san kowane lungu. Tsohon hannu ne ya sake riga."

"Tsofaffin hannu suna da yawa a garin nan."

"Haka ne, Malam. Amma a duba nan."

Ya sa yatsu biyu ya buɗa taswirar.

"Ga shi ya taso daga Shahuci. Ga shi ya shigo Sheshe. Ga bakin lungun gidan nan. Da ya zo nan sai ya karya hagu, ya bi ta bayan mahauta, ya tsallake kwatar nan da ke cika da damina, ya ɓulla ta bayan gida. Kullum haka yake yi. Bai taɓa bi ta ƙofar gidan nan ba, ko sau ɗaya."

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani. A cikin wasan an rubuta cewa Rijiyar Barebari ta shekara ɗari huɗu. Wannan kuskure ne. Kakan Malam ne ya haƙa ta, bayan ya baro Kukawa a shekarar da ta faɗi hannun Rabe, wato 1893. Amma saboda wannan kuskuren makinta ya fi na kowace tuta a Sheshe, kuma ba ɗan wasan da zai gan ta ya wuce.

Mikail ya ce, "Mutum ya kwashe tuta ashirin da biyu, ya bar wadda ta fi su duka, ya gwammace ya shiga kwata. Malam, wannan ba tsoron kare ba ne, babu kare a lungun nan. Kunya ce. Kunyar gidan nan yake ji. Cikin waɗanda aka kora kuwa, mutum ɗaya ne surukin gidan nan."



Malam ya cire tabarau.

"Muttaka."

"Na'am, Baba."

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"Ɗago ka faɗa."

Bai ɗago ba. Tun da aka ɗaura masa aure bai taɓa haɗa ido da Malam ba, kuma ko a wannan halin wuyansa ya ƙi. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya turo ta a kan ƙasa.

"Ga ta nan. A bincika. Tun ranar da na yi alkawari na goge shi."

Mikail ya yi murmushi.

"Haba Muttaka. Wa zai dawo da wayar da aka kama shi da ita? Tsohuwar waya ai ko a bakin kasuwa ka tsaya sai an yi maka tallarta."

"Ka gan ni da wata?"

"Da ma fiffiken ma na gan ka da shi ne? Wancan karon ma ai cewa ka yi ba kai ba ne, sai da aka nuna maka kana Goron Dutse kana Ƙofar Mata a lokaci guda, kamar aljani."

"Wancan na yi. Na amsa. Wannan ban yi ba."

"Lokacin da Baƙon Dala yake fitowa, bayan la'asar, lokacin nan kake rufe shago."

"Rabin garin nan lokacin suke rufe shago!"

Muryarsa ta ɗaga ba da niyyarsa ba. Ya yi sauri ya ƙara sunkuyar da kai.

"A gafarce ni, Baba. A ɗauko Littafi in dafa."

Malam ya ce, "Ba a ɗauko Littafi saboda wasan waya."

Ya juya carbinsa sau ɗaya, ya ajiye.

"Ni wasanku bai dame ni ba. Ku kafa tuta a kan kowane juji, ruwanku. Abin da na ce maka ranar nan shi ne, mutumin da ya iya sa ƙarfe ya yi masa ƙarya, harshensa ba zai yi masa wuya ba. Ka ce ka daina. Na karɓa. Idan ya tabbata ka koma da sunan aro, to ni ka yi wa ƙarya a kan wannan buzun. Yarinyar nan kuwa ba zan mayar da ita gidan da ba a san sunan mai shi na gaskiya ba."

Muttaka ya so ya yi roƙo. Ba zai iya ambaton matarsa a gaban mahaifinta ba. Ba zai iya ambaton jaririn ba, ɗan fari ne. Duk abin da yake so ya roƙa da shi, kunya ta hana shi kiran sunansa.

"Baba... mutanen ciki... ba su da laifi."

"Ban ce suna da shi ba."

Sai aka yi gyaran murya daga bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida.

"Ɗanbaba, in shigo ko kuwa shari'ar ta maza ce zalla?"

Hajiya Aisa ce, yayar Malam, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita kaɗai ce a duniya take kiran sa da sunansa. Ba ta jira amsa ba, ta ɗaga asabari ta zauna a dokin ƙofa, tana riƙe da goronta.

Mikail ya russuna. "Barka da yamma, Hajiya."

"Barka kadai, alƙalin alƙalai. Ina ji kana ta zuba hujja. Mikailu, ka yi aure?"

"Tukuna, Hajiya."

"Ka taɓa nema?"

"Ana dai shiri."

"Shi ya sa. Ba ni wayar."

Ta karɓa ta nisanta ta da idonta, ta bi jan zaren da farce.

"Wannan da ya bi ta kwata, shi ne ka ce suruki ne?"

"Kunya ce ta sa shi kewayewa, Hajiya."

"Kunya ce, ban musa ba. Amma ba irin ta suruki ba ce. Ɗanbaba, kai ka auri 'yar Alhaji Ɗantani a Shahuci. Bayan an ɗaura, kewaye lungunsu kake yi?"

Malam ya girgiza kai.

"A'a. Takalmi nake cirewa."

"To ka ji. Wanda aka ba mata ba ya kewaye. In ya kewaye ma laifi ne, sai a ce gudun gaisuwa yake. Daga bakin lungu yake tuɓe takalmi, ya riƙe a hannu, ya bi ta ƙofa kansa a ƙasa. Wannan bawan Allah tun da aka haihu kullum sai ya zo da yamma ya miƙo nama ko itace. Ina kallonsa ta taga. Dubi ƙafarsa."

Suka duba. Tafin ƙafar Muttaka da caɓin lungu, takalman kuwa tsaf.

"Mai kewaye lungu shi ne wanda magabatansa ba su zo ba tukuna. Ba ya so uban yarinya ya ga fuskarsa kafin a gabatar da shi. Shi ne yake bin bayan gida, ya shiga kwata da farin yadi. Wannan sawun ba na miji ba ne, Mikailu. Na manemi ne."

Malam ya gyara zama.

"Manemin wa?"

"'Ya'ya mata nawa suka rage maka a gida?"

Nana Hauwa ce kaɗai ta rage, ƙanwar Safiya, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya.

Malam ya ce, "Ba wanda ya zo mini da maganarta."

"Ai shi ya sa yake kewayewa."

"Yaya, kin san wani abu?"

"Da na sani da ban zauna ina duba waya ba. Mikailu, nan wurin da zaren ya yi kauri ya dunƙule, mene ne?"

Mikail ya leƙa.

"Tsayawa ce, Hajiya. Idan mutum ya daɗe a wuri ɗaya haka yake nunawa."

"Ina ne wurin?"

"Gindin darbejiyar bayan gida."

"Akwai tuta a can?"

"Babu."

"To me yake tsayawa yi? Nan ne fa mai adaidaita yake sauke Nana in ta taso daga makaranta."

Fuskar Malam ta sauya. Ya shigo zauren nan ne da zargin mutum ɗaya, wanda ba ɗan gida ba. Yanzu zargin ya tsallake asabari ya shiga cikin gidansa.

A lokacin ne Muttaka ya ɗago. Ba Malam ya kalla ba, Mikail ya kalla.

"Mu uku aka kora rana ɗaya."

Mikail ya ce, "An sani."

"Ni, da Musa, da Lawal. Musa yana Legas tun bayan ƙaramar salla."

"Lawal kuma yana Zariya yana karatu."

"Lawal ƙanenka ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Sai me? Na ce maka yana Zariya!"

"Ranar Asabar ya kawo mini huluna biyu, zanna ɗaya, damanga ɗaya. Ya ce in sa musu sitati sosai, kada in bari ko ɗaya ta lanƙwashe. Na ce masa, ɗan makaranta da wannan kwalliya, lakca ce ko zance? Ya yi dariya ya ce in yi aikina."

"Hutun mako ya zo."

"Jiya Litinin ya zo ya karɓa. Bakin wandonsa duk ruwan kwata."

Hajiya Aisa ta gutsiri goro.

"Oh, ni 'yar Barno. Ashe alƙali da ɗan'uwa a cikin fursuna."

"Hajiya, wallahi ban san..."

Muttaka ya katse shi. "Kai kake ganin sawun kowa. Ka ga inda yake tsayawa kafin yau, ko ba ka gani ba? Ka ga daga wane lungun Shahuci yake tasowa? Gidanku da shagona lungu ɗaya ne. Ka duba ka ga ƙofar da zaren ya fito."

"Taswirar ba ta nuna ƙofa. Unguwa take nunawa."

"Amma darbejiya ta nuna ta?"

Muttaka ya ci gaba.

"Idan aka kama Lawal karo na biyu, kai ma sai an sauke ka daga alƙalancin, don za a ce da saninka. Shi ya sa ka nemo wanda sunansa ya riga ya ɓaci, ka ɗora masa. Mai wankin hula, wa zai tsaya masa? Ka san ranar Juma'a ce. Ka san abin da za a hana ni."

"Ni hujja na bi!"

Malam ya ɗaga hannu.

"Mikailu, a hannuna ka yi karatu. Zan tambaye ka sau ɗaya. Ka san Lawal yana gari?"

"Na... na san yana zuwa yana komawa."

"Ka san yana da wata waya bayan wadda aka rufe?"

"Tsohuwata na ba shi. Ya ce ta karatu ce."

"Ka faɗa mini wannan da ka zo da jan zarenka?"

"Ba a tambaye ni ba, Malam."

"Ba a tambaye ka ba."

Malam ya maimaita a hankali, kamar yana gyara wa ɗalibi aya. Sannan ya juya wajen yayarsa.

"Ina Nana?"

"Tana ciki. Tun azahar ta dawo, tana taya maijego dafa ruwan wanka."

"Kada a ce mata komai. Gobe bayan la'asar, Mikailu, ka zo mini da ƙanenka da wayar nan da ka ba shi. Zan ji daga bakinsa. Kai kuma Muttaka..."

Bai ƙarasa ba.

Daga cikin gida aka ji busar algaita, 'yar gajeriya, siririya, irin wadda ke fitowa daga waya. Malam da Hajiya ba su san ta ba. Muttaka da Mikail kuwa sun san ta kamar sunansu. Ita ce ƙarar da wasan Ganuwa ke yi idan an kafa tuta.

Wayar Mikail ta yi tsuwa a hannun Hajiya Aisa. Ta miƙa masa.

"Me ta ce?"

Ya karanta.

"Baƙon Dala ya kafa tuta a Rijiyar Barebari."

"Yaushe?"

"Yanzu."

Muttaka ya zabura ya leƙa waje. Ba kowa a lungun sai akuya tana lasar gefen rijiya. Hannuwansa biyu a buɗe suke, wayarsa tana nan a ƙasa inda ya turo ta, fuskarta a kashe.

"Baba, kun gani! Ina zaune a gabanku!"

Malam ya ce, "Mikailu, daga nesa ana iya kafa ta?"

"A'a, Malam. Sai wayar tana dab da wurin. In da fiffike ne da na ga alama. Wannan babu."

"Wane ɗaki ne bangonsa ya jingina da rijiyar nan, Yaya?"

Ya san amsar. A gidan aka haife shi.

Hajiya Aisa ta ce, "Ɗakin maijego."

Nan take Mikail ya samu bakin magana.

"To, Allah gafarta Malam, ga ta nan. Na ce akwai waya ta biyu. Ina mutum zai ɓoye waya in ba wurin matarsa ba? Kullum yana miƙa nama ciki. Wa yake buɗe ledar?"

"Ƙarya kake yi!"

"Ɗakin matarka ne ko ba shi ba ne?"

"Nana ma tana ciki!"

"Ku yi mini shiru," in ji Malam. "Yaya, shiga."

Ta tashi da ƙyar ta shiga. Aka ji kukan jariri ya tashi, aka ji an rarrashe shi. Aka ji muryar Hajiya sama-sama, sannan muryoyi biyu ƙasa-ƙasa, ɗaya tana hawa kan ɗaya.

Da ta dawo, tana riƙe da wani abu a naɗe cikin zanen goyo. Ta warware a gaban Malam. Tsohuwar waya ce baƙa, an sa mata sabuwar riga ja wadda ta rufe bayanta duka.

"A ƙarƙashin katifar yaron na same ta. Wadda ta danna ta so ta ɓata mana sawu ne, don duk abin da muke faɗa ana ji daga ɗakin. Sai dai ta manta ba ta kashe ƙarar ba."

Malam ya ce, "Mikailu, ita ce taka?"

Mikail ya kalle ta ya kau da kai.

"Irinta suna da yawa, Malam. Ba zan iya rantsuwa ba."

"Muttaka?"

"Ban taɓa ganinta ba, Baba."

"Buɗe ta, Yaya."

"Ta kulle kanta. Lamba take nema, kuma an ƙi ba ni."

"Wace ce ta ƙi? A hannun wa take?"

Hajiya Aisa ta zauna a dokin ƙofa. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"Su biyu ne a ɗakin, Ɗanbaba. Na tambayi Nana, ta fashe da kuka ta ce ajiya aka ba ta. Kafin ta faɗi wanda ya ba ta, Safiya ta toshe mata baki da hannu."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce kada a taɓa mata ƙanwa. Ta ce wayar mijinta ce."

Muttaka ya ɗago kai ya kalli surukinsa ido cikin ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure.

Ranar Laraba Lawal bai zo ba, an ce ya koma Zariya da sassafe. Ranar Juma'a arba'in ta cika, aka yi waina aka raba wa maƙwabta, Safiya kuwa ba ta koma Shahuci ba.